WhatsApp ko Telegram: a ina malami zai buɗe wa ɗalibansa zaure?

Tun da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, da wuya ka sami malamin sakandare ko na gaba da sakandare da bai taɓa shiga zauren aji a waya ba. Wani shi ya buɗe da kansa, wani shugaban makaranta ne ya ce a buɗe, wani kuwa wayar gari ya yi ya tarar ɗalibai sun jefa shi ciki ko sallama babu. Yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya ci wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya ƙara sabar wa 'yan jami'a da neman karatu ta waya. Yanzu a ofishin malamai tambayar da nake yawan sha ita ce: “Malam, kai da ka gwada duka biyun, WhatsApp ya fi ko Telegram?”

Kemistiri nake koyarwa a aji biyar da aji shida na sakandare, da yamma kuma ina da darasin share fage na masu shirin JAMB. Na yi zaure a WhatsApp, na yi a Telegram, na kuma ɗan taɓa Google Classroom. Kafin in ba da amsa nakan mayar wa mai tambaya da tawa tambayar: wayar da ɗalibinka zai karanta saƙonka a kai, ta wace ce?

A ajina na sakandare yawancin yaran ba su da waya tasu. Akwai wata yarinya da kullum amsarta ba ta shigowa sai bayan sallar isha'i. Na ɗauka lalaci ne, ashe wayar mahaifiyarta ce, wata 'yar itel mai tsagaggen gilashi. Uwar tana sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp, wayar ba ta sauka daga hannunta sai ciniki ya lafa. A lokacin ne yarinyar za ta karɓa, cajin ya kusa ƙarewa, ta saurari abin da na turo, ta rubuta amsa a takarda, ta ɗauki hoto ta aiko, ta mayar da waya. Duk shawarar da zan bayar a nan da wannan yarinyar nake auna ta, domin ire-irenta sun fi masu iPhone yawa a ajin.

Ta wannan ma'auni WhatsApp ya riga ya yi gaba tun ba a fara tsere ba. Yana cikin wayar tuntuni, uwa ta iya shi, uba ya iya shi, ba sai an sauke sabuwar manhaja ba, ba sai an koya wa kowa komai ba. Kamfanonin layi ma suna sayar da 'yar ƙaramar data ta soshiyal mai rahusa, kuma da wuya ka ga wadda babu WhatsApp a ciki. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan rahusa ta zama abin dubawa ga gidan da ake lissafin kuɗin cefane. Idan ka tura sanarwa cewa gobe akwai gwaji, kafin magariba kowa ya ji, wanda bai gani ba maƙwabcinsa ya faɗa masa.

Abin da ya fi yi mini amfani a WhatsApp shi ne saƙon murya. Littafi da Turanci yake, jarrabawa da Turanci take, amma yaro da yawa sai ka warware masa da Hausa abin ke zama a kansa. Nakan ɗauki hoton lissafin da na yi a allo, in bi shi da murya ta minti biyu ko uku: “Ku dubi layi na biyu, a nan ne kuke faɗuwa kullum, kuna manta ku raba da nauyin mol ɗin.” Irin wannan saƙo bai kai megabait ɗaya ba, alhali bidiyo mai tsawonsa sai ya ninka shi sau da yawa. Yaro zai iya maimaita shi sau biyar ba tare da jin kunyar cewa bai gane ba. Telegram ma yana da saƙon murya, sai dai a WhatsApp ne yaran suke mayar da amsa da murya ba tare da ɗari-ɗari ba, don a nan suka saba hira da 'yan uwansu. Abu ɗaya da za ka kiyaye: WhatsApp yana matse hoto, ƙananan lambobin da ke ƙasan alamomin sinadarai sai su dushe. Ka zaɓi HD, ko ka tura hoton a matsayin fayil.

Matsalar WhatsApp ba ta bayyana sai zaure ya yi wata guda. Ta farko hayaniya ce. Ka tura jinga da ƙarfe huɗu, kafin biyar an binne ta da “mun gode Malam” guda arba'in, da sitika, da “Juma'at Mubarak”, da wani dogon saƙo mai cewa a tura wa mutum goma. Akwai magani: a saita zauren ya zama admin kaɗai ke magana, a kuma maƙale muhimmin saƙo a sama, wanda zai iya zama har kwana 30. Amma da zarar ka rufe bakin kowa, ka rufe ƙofar tambaya, ga shi tambayar ce ta sa aka buɗe zauren. Mafita ita ce zaure biyu, na sanarwa da na tattaunawa, ko tsarin Communities da suka fito da shi a 2022, wanda ke tara ƙananan zauruka a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Yana aiki, sai dai aikin admin ya ninku, kuma admin ɗin kai ne.

Ta biyu ita ce ajiya. WhatsApp a cikin wayar mutum yake zuba kaya. Wayar da ke da memori kaɗan, ga hotunan biki, ga bidiyon wa'azi, ga hotunan haja, idan ta cika abin da za a fara gogewa shi ne takardun makaranta, don mai wayar ba ta san amfaninsu ba. Bayan wani lokaci idan yaro ya taɓa fayil ɗin don ya sake saukewa, sai a ce masa ya nemi wanda ya turo ya sake turowa. Wanda ya shigo zauren a makare kuma ba ya tarar da tarihin ajin gaba ɗaya. Na taɓa tura tsofaffin tambayoyin WAEC na shekara biyar har sau huɗu a zango ɗaya, a na huɗun sai da na yi wa kaina alkawarin neman wata hanya.

Ta uku ta fi sauran nauyi, kuma malamai maza ba mu cika lura da ita ba sai ta faru. A zauren WhatsApp kamar yadda aka saba da shi, duk wanda ke ciki yana ganin lambar kowa. Wata rana da safe wani uba ya kira ni, bayan gaisuwa ya ce, “Malam, karatu muka ba ka amana ko haɗa zumunci? Wane ne wannan da ke kiran wayar gidana ƙarfe goma sha ɗaya na dare yana neman 'yata?” Wani yaro ne daga ajin share fage ya kwashi lambobin 'yan mata daga zauren. Ban da abin cewa sai ban haƙuri. Ya cire 'yarsa, wasu iyaye biyu suka bi sahu, kuma ban ga laifinsu ba. Tun daga nan na raba zauren maza da na mata, na sa wata malama abokiyar aikina ta zama admin a na matan, na kuma kafa doka a kaina cewa ba na amsa wa ɗaliba saƙo a keɓe. Duk mai tambaya ta yi a zaure, kowa ya amfana, ni ma in tsira da mutuncina.

Sai kuma masu satar asusu. Wani zai kira ɗalibi ya ce daga zauren makaranta ne, za a yi taro ta intanet, an turo masa lamba shida ya karanto. Yana karantowa an ƙwace WhatsApp ɗinsa, daga nan sai a shiga roƙon kuɗi da sunansa a cikin zauren. Ranar farko da ka buɗe zaure ka sa kowa ya kunna matakin tsaro na biyu, wato ƙarin lambar sirri da mai asusun zai saka da kansa, ka kuma faɗa da babbar murya cewa malam ba zai taɓa neman wata lamba a wurin kowa ba.

Telegram kusan duk waɗannan ramukan ya cike su, shi ya sa duk malamin da ya fara gwada shi sai ya dawo yana wa'azinsa. Ni ma na yi. 'Yan uwa biyu 'yan asalin Rasha, Pavel da Nikolai Durov, su suka kafa shi a 2013, kuma tun asali a kan rumbun intanet suka gina shi. Abin da ka tura yana can a ajiye. Yaro zai iya share komai daga wayarsa don ya sami wuri, gobe ya dawo ya sake saukewa. Ya canja waya, kayansa na nan. Wanda ya shigo a wata na uku zai iya komawa har darasin farko idan ka bar tarihin a buɗe. Na jera tsofaffin tambayoyi shekara-shekara, na sa wa kowane darasi alama, mai neman bayanin sinadaran asid ya rubuta kalmar kawai ya ga duk abin da aka taɓa turowa a kai.

Wajen yawan jama'a ma ba a haɗa su. Zauren WhatsApp yana tsayawa a mutum 1,024, na Telegram yana kai wa 200,000, tasharsa kuwa, wato inda kai kaɗai ke turawa sauran su karanta, ba ta da iyaka. Ga malamin sakandare wannan ba wani abu ba ne, ajinsa bai kai ko'ina ba. Amma malamin jami'a ko kwalejin ilimi da ke ɗaukar darasin bai-ɗaya na 'yan aji ɗaya, inda ɗalibai ke zama har a taga, ya san mutum dubu ba su da wuyar cika. Girman fayil kuwa kusan kunnen doki ne, kowanne yana ɗaukar har gigabait 2, wanda ya fi ƙarfin datar ɗalibanmu nesa ba kusa ba.

Inda Telegram ya burge ni ƙwarai shi ne kacici-kacici. Tun 2020 yana da tsarin tambaya mai zaɓi wadda malam zai nuna amsar daidai a ɓoye, ya kuma rubuta ɗan bayani. Yaro yana taɓa amsa zai ga ko ya ci ko ya faɗi, ya ga dalili, kuma ba zai iya canjawa ba. Ba ya ganin abin da sauran suka zaɓa sai ya zaɓi nasa. Ƙuri'ar da ake yi a zauren WhatsApp kuwa kowa na ganin inda jama'a suka karkata, sai ka ga aji duka sun bi yaron da aka san shi ne gwani, ko da ranar ya yi kuskure. Ga mai shirin JAMB, wadda tun 2015 gaba ɗayanta a kwamfuta ake yi, sabo da karanta tambaya a gilashi da zaɓar A, B, C ko D cikin sauri shi kansa darasi ne. WAEC ma ta fara gwada jarrabawa ta kwamfuta da masu zaman kansu a 2024. Nakan zauna ranar Lahadi in tsara darussan mako, in sa wa kowane saƙo lokacin da zai fita da kansa, ƙarfe takwas na dare, ko ina wurin ɗaurin aure ko ina barci.

Batun lamba kuma, a Telegram mutum zai iya ɓoye lambarsa, a san shi da sunan da ya zaɓa kawai. Wannan ya rage matsalar da ta sa uban nan ya kira ni, ko da yake bai kashe ta ba, don ana iya tura wa mutum saƙo ta sunan nasa. Akwai kuma saitin da ke hana mutum ɗaya jero saƙonni, sai ya jira ɗan lokaci tsakanin saƙo da saƙo, da wanda ke raba zaure ɗaya gida-gida, nan na tambaya, nan na jinga, nan na sanarwa.

To me ya hana in ce kowa ya koma Telegram? Na gina rumbu mai kyau, na cika shi da hatsi, sai na waiga na ga ba kowa a bakin ƙofa. Makon farko an shigo da ɗoki. Zuwa mako na uku lambar da ke nuna yawan waɗanda suka ga saƙo ta fara zubewa. Dalilin a fili yake: mutum yana buɗe WhatsApp sau talatin a rana don harkokinsa, sai ya ci karo da saƙonka ko bai yi niyya ba. Telegram kuwa sai ya tuna da kai musamman. Yarinyar nan mai wayar mahaifiya ba ta ma shigo ba. Uwar ta ce wayarta ba wuri, kuma datar da take saye ta WhatsApp ce kawai. Gaskiyarta.

Abin dariya, samarin ajin share fage duk na tarar suna da Telegram, amma ba don karatu ba. A 2024 aka yi yayin “mainin”, lokacin Notcoin da Hamster Kombat, wasannin neman kuɗin kirifto da ake yi a cikin Telegram, kowane matashi yana dangwalar gilashin waya yana jiran ta fashe. Wannan yayi ya shigar da manhajar wayoyi da yawa a Arewa, ya kuma nuna ɗaya fuskar tata. Wurin bincikenta a buɗe yake, yaron da ka kai don ya yi Kemistiri taku biyu ne tsakaninsa da tashoshin finafinai, da na caca, da na masu cewa suna sayar da amsar jarrabawa tun kafin a shiga ɗaki, da waɗanda ma ba a faɗa. Ba na cewa WhatsApp masallaci ne, amma a can galibi sai wani ya turo maka ko ya jefa ka, a nan kuwa da kanka za ka nemo. Idan ɗalibanka 'yan shekara goma sha huɗu ne, ka yi tunani sau biyu kafin ka zama kai ne ka sa aka saukar musu da shi. Ga wanda ya damu da sirri kuma, saƙonnin zauren WhatsApp a kulle suke daga waya zuwa waya, na zauren Telegram kuwa suna ajiye a rumbun kamfanin. A kowanne dai ba na tura makin ɗalibi ko maganar kuɗin makarantarsa a bainar jama'a.

Google Classroom ba zan daɗe a kansa ba. Shi kaɗai ne cikin ukun aka ƙera don aji tun 2014, kuma yana yin abin da sauran biyun ba sa yi: ka ba da jinga da ranar rufewa, kowa ya miƙa nasa ba tare da wani ya gani ba, ka ba da maki, ka san wanda bai kawo ba ba tare da ka bi suna ɗaya-ɗaya ba. Idan ka haɗa shi da Google Forms ma shi zai yi maka makin tambayoyin zaɓi. Inda ya kayar da ni shi ne ƙofar shiga. Sai da asusun Google, kuma rabin yaran mai shagon da ya saita musu waya shi ya buɗe musu, ba su san kalmar sirrin ba, shi ma ya manta. Awa biyu na darasi suka tafi a neman kalmar sirri. Ga makarantar da ke da ɗakin kwamfuta da wanda ke kula da shi, ko malamin jami'a da ke son makin gwaji ya zama a rubuce ba gardama, ya cancanci wahalar. Ga malami shi kaɗai da alli da wayarsa, nauyin ya yi yawa. Zoom da sauran darasin kai-tsaye kuwa na bar wa masu wutar sola da Wi-Fi. Darasin da sai kowa ya kasance da caji da sabis da data a sa'a ɗaya, a unguwarmu rabin aji za ka yi wa.

Saboda haka ga yadda nake ba abokan aiki amsa. Idan ɗalibanka 'yan firamare ne ko ƙaramar sakandare, da iyaye kake magana, ka tsaya a WhatsApp, admin kaɗai ke turawa, saƙo ɗaya ko biyu a rana. Idan 'yan babbar sakandare ne masu aron waya, har yanzu WhatsApp ne, a raba maza da mata, a buɗe zauren tambaya na awa biyu da dare sannan a rufe. Idan kuwa manya ne masu wayar kansu, 'yan jami'a, 'yan kwaleji, masu shirin JAMB, kuma kana da takardu da yawa da kake so su zauna wuri ɗaya har ƙarshen zango, Telegram ya fi, da sharaɗin ka yarda cewa sai ka riƙa kiran su.

Ni a ajin share fage haɗawa na yi. Kayan karatu da kacici-kacici suna tashar Telegram, zauren WhatsApp kuma shi ne mai shela: “An saka tambayoyi goma na yau, ga hanyar shiga, za mu warware su gobe a aji.” Wannan “gobe a aji” ita ce ke tura su, domin sun san zan tsayar da mutum in tambaye shi ta bakwai. Duk abin da ya zama dole kuwa, kamar ranar gwaji ko jingar da ke da maki, sai na faɗe shi a aji na kuma rubuta a allo. A 2021 an kashe layukan waya na tsawon makonni a Zamfara da wasu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro, duk wanda ya jingina ajinsa da waya kaɗai a can ya tsaya cak. Ko ba a kashe layi ba, akwai yara uku a ajina da gidansu babu babbar waya sam. Su nakan buga musu tambayoyin mako a takarda ranar Litinin, shafi biyu gaba da baya, monita ya miƙa musu kafin a tashi.